Yadda tsarin gari ke shafar lafiyar mazaunansa: Abin da bincike ya gano da darasin da ke ciki ga Kontagora

Duk sanda likita ya auna mutum ya tarar jininsa ya hau, ko sukarin jikinsa ya wuce ƙima, shawarar da kan biyo bayan takardar magani kusan iri ɗaya ce: a rage gishiri, a rage zaƙi da maiƙo, a riƙa motsa jiki. Shawara ce mai kyau, sai dai tana ɗora nauyin duka a wuyan mara lafiya. A cikin shekarun baya-bayan nan masana lafiyar al'umma da masana tsara birane sun haɗa kai wajen binciken wata tambaya ta daban: shin unguwar da mutum yake zaune a cikinta tana ba shi damar taka ƙasa, ko kuwa tana hana shi?

Amsar da suka samu ta shafi kowane gari mai tasowa a Najeriya. Ta kuma shafi Kontagora ta musamman, domin gari ne da ke faɗaɗa ta kowace kusurwa, ga kuma babbar hanyar da ta haɗa kudu da arewa maso yammacin ƙasar nan ta ratsa shi.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba da shawarar cewa kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, irin tafiyar sauri da ke ɗan ɗaga numfashi. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan ma'auni ba a shekarar 2022. Tun kafin nan, a wani rahoto na 2022, hukumar ta yi hasashen cewa kusan mutum miliyan 500 za su kamu da cututtuka irin su hawan jini, ciwon suga da ciwon zuciya tsakanin 2020 da 2030 saboda rashin motsa jiki, kuma kula da su zai riƙa cin kimanin dala biliyan 27 a kowace shekara.

A Najeriya, nazarce-nazarce da dama sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku yana da hawan jini, kuma da yawa ba su san suna da shi ba sai ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da su. Waɗannan cututtuka ba sa warkewa da allura ɗaya. Magani ne na kullum har ƙarshen rayuwa, kuma akasarin iyalai daga aljihunsu suke biya.

Daga bas ɗin Landan zuwa birane 14

Shaidar kimiyya ta farko mai ƙarfi kan alaƙar motsi da lafiyar zuciya ta fito ne daga Ingila a 1953. Wani likita mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na birnin Landan da kwandastocinsu. Direba yana zaune yini guda, shi kuwa kwandasta yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Morris ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Abin lura a nan shi ne, kwandastocin ba filin wasa suke zuwa ba. Yanayin aikinsu ne ya sa su motsi ba tare da sun ƙudurta ba.

Wannan tunani ne masana suka ɗauka daga wurin aiki suka kai shi unguwa. A 2016 mujallar kiwon lafiya ta The Lancet ta wallafa wani bincike da Farfesa James Sallis na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya jagoranta. An bi mutum 6,822 a birane 14 na ƙasashe 10, aka ɗaura wa kowa wata 'yar na'ura a ƙugu wadda ke auna motsinsa, sannan aka auna yanayin unguwarsa da taswirar kwamfuta. Abubuwa huɗu ne suka fito fili: yawan gidaje a wuri ɗaya, yawan mahaɗar hanyoyi, yawan wuraren hawa motocin haya, da yawan wuraren shaƙatawa na jama'a a kusa. Mazauna unguwannin da suka fi wadata da waɗannan abubuwa sun fi mazauna unguwannin da suka fi ƙarancinsu motsi da minti 68 zuwa 89 a mako. Wannan kusan rabin abin da WHO ta nema ne, ko fiye.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Inda gidaje suka yi yawa, mai shago da mai kayan miya da mai kyamis sukan samu isassun masu saye, don haka sai su kafa a kusa. Inda hanyoyi suka yawaita haɗuwa, mutum na da gajeriyar hanya zuwa inda za shi, ba sai ya yi dogon zagaye ba. Idan abin da kake nema yana da nisan minti biyar ko goma, ƙafa za ka taka. Idan ya kai minti arba'in, abin hawa za ka nema.

Unguwa ce sila, ko halin mutum?

Masu suka sun yi wata tambaya mai ma'ana. Mai yiwuwa ne masu son tafiya da ma su ne ke zaɓar irin waɗannan unguwanni, ka ga ke nan ba unguwar ce ta sauya su ba. Hanyar warware wannan ita ce a bi mutum ɗaya kafin ya yi ƙaura da bayan ya yi.

Haka wasu masana ƙarƙashin Tim Althoff na Jami'ar Washington suka yi, a binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2025. Sun yi amfani da bayanan ƙirga taku na wayoyin hannu na mutum 5,424 da suka sauya mazauni tsakanin biranen Amurka sama da 1,600. Waɗanda suka tashi daga birni mai wuyar tafiya a ƙasa zuwa mai sauƙinta sun ƙara kimanin taku 1,100 a rana. Waɗanda suka yi ƙaura ta akasin haka kuma takunsu ya ragu. Mutum ɗaya ne, halinsa ɗaya, garin ne kawai ya sauya.

Abin da aka gano a Maiduguri

Binciken birane 14 bai haɗa da ko birni ɗaya na Afirka ba, kuma ba kowane ma'aunin Turai ne ke aiki a nan ba. Wanda ya fi yin fice wajen cike wannan giɓi a arewacin Najeriya shi ne Dakta Adewale Oyeyemi, wanda ya yi aikinsa a sashen nazarin gashin ƙashi na Jami'ar Maiduguri. A 2011 shi da abokan aikinsa suka mayar da takardar tambayoyin auna motsa jiki ta ƙasa da ƙasa zuwa Hausa, suka gwada ingancinta, domin a iya tambayar mutane da harshen da suke ji. A 2016 kuma suka fitar da wani ma'aunin yanayin unguwa da aka daidaita da rayuwar Afirka, wanda aka yi aikinsa a ƙasashe bakwai: Najeriya, Kamaru, Gana, Kenya, Mozambik, Afirka ta Kudu da Yuganda.

Wani bincikensu da aka wallafa a 2012 ya ƙunshi manya 1,818 a Maiduguri. Ya nuna cewa ƙiba fiye da ƙima ta fi yawa ga mutanen da suka ce kasuwa da shaguna sun yi musu nisa, da waɗanda suka ce unguwarsu na fama da bola da wari, da waɗanda ke tsoron motoci a hanya, da kuma masu tsoron ɓata-gari da dare. Wannan sakamako ya ƙara wani abu a kan na Turai. A garuruwanmu, kusanci kaɗai bai isa ba. Sai hanyar ta zama mai tsabta, kuma mutum ya ji hankalinsa a kwance a kanta.

A 2022 mujallar The Lancet Global Health ta fitar da jerin nazari kan birane 25 a ƙasashe 19, kuma Maiduguri ce kaɗai ta wakilci Afirka. Daga cikin jerin, aikin da Farfesa Ester Cerin ta jagoranta ya fitar da alƙaluman da mai tsara gari zai iya aiki da su: kimanin mutum 5,700, da mahaɗar hanyoyi 100, da wuraren hawa motar haya 25 a kowane murabba'in kilomita. Mahaɗa 100 a murabba'in kilomita na nufin, a taƙaice, mutum ya tarar da wata kwana duk bayan kimanin mita 100. Maiduguri ba ta rasa yawan jama'a ba, amma kaɗan ne daga mazaunanta ke da filin shaƙatawa na jama'a a cikin tazarar mita 500 daga gida. Nazarin ya kuma gano cewa birane da yawa na da manufofi masu daɗin ji a takarda, amma babu adadi ko wa'adin da za a auna su da shi.

Kontagora a kan wannan ma'auni

Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa Kontagora a wajajen 1864, kuma sarakunanta na riƙe da sarautar Sarkin Sudan har yau. Kamar sauran garuruwan da aka kafa kafin zuwan mota, an gina tsakiyarta ne daidai da ƙafar mutum: fada, masallacin Juma'a, kasuwa, sai unguwanni a kewaye, gida na jingine da gida, lungu na faɗawa cikin lungu. Idan aka ɗora wannan tsari a kan abubuwan da bincike ya lissafa, za a ga cewa tsohon gari ya riga ya mallaki biyu daga cikinsu tun ba a san sunansu ba, wato cikar jama'a da yawan mahaɗa, ga kuma kusancin wuraren buƙata.

Lissafi mai sauƙi zai nuna darajar hakan. Magidancin da masallacin unguwarsu ke da nisan mita 200 daga ƙofar gidansa, idan ya je ya dawo sau biyar, ya yi tafiyar kilomita biyu a rana, kilomita 14 a mako. Bai sayi takalmin gudu ba, bai biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Haka yaron da ke takawa zuwa makarantar boko da safe da Islamiyya da yamma, da matar da ke zuwa unguwa ko asibitin sha-ka-tafi a ƙafa.

Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka ci Kontagora da yaƙi a 1901, sun zo da wani tsari na dabam. Dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugga ta ware unguwannin Turawa daga na 'yan ƙasa, aka kuma tanadi fili mai faɗin yadi 440 a tsakani wanda ba a gini a cikinsa, da hujjar kare Turawa daga zazzaɓin cizon sauro. Daga nan aka gaji salon unguwar manyan ma'aikata: manyan filaye, gidaje a warwatse, babu kasuwa, babu shago. Wannan salo ne har yau ake kallo a matsayin alamar ci gaba, kuma shi sababbin unguwanni ke kwaikwaya.

A nan haɗarin yake. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Kontagora mutum sama da dubu 150, kuma garin ya ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta zama jami'a, ga cibiyar horar da sojoji, ga kuma jama'ar da matsalar tsaro ta taso daga ƙauyukan masarautar. Sababbin fulotai na bin bakin hanyoyin da suka fita gari, ta wajen Tegina, Yawuri, Rijau da Mokwa. Idan aka yanka fili aka sayar ba tare da an ware wurin makaranta, kasuwa, asibiti da dandali ba, kuma rabin fulotan suka zauna kango a cikin katanga, to duk wanda ya tare a wurin ya zama fursunan babur. Ko gishiri za a saya sai an tayar da inji, ko an tsayar da ɗan kabu-kabu.

Hanya, rana da lambatu

A Afirka, matsalar ba ta rashin masu tafiya a ƙasa ba ce tukuna. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da muhalli da matsugunai, UNEP da UN-Habitat, suka fitar a 2022 ya ce sama da mutum biliyan ɗaya a nahiyar na tafiya a ƙasa ko a keke na kimanin minti 56 a kowace rana. Rahoton ya kuma ce ana kashe kimanin masu tafiya a ƙasa 261 da masu keke 18 a kan hanyoyin Afirka kullum. Ma'anar wannan ita ce, yawancin mutane na takawa ne don dole. Wanda kuwa ke tafiya don dole, ranar da ya samu kuɗin babur ya daina. Aikin da ke gaban masu tsara gari shi ne su sa tafiyar ta zama abin da mutum zai zaɓa ko da yana da abin hawa.

Abu uku ne ke hana hakan a gari irin Kontagora. Na farko shi ne hanya. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Ilori, Jebba da Mokwa zuwa Yawuri da Sakkwato tana ɗauke da tireloli da tankokin mai dare da rana. Inda babu gefen da aka ware wa masu tafiya a ƙasa, ko kuma 'yan tireda da masu ajiye mota suka mamaye shi, dole mutum ya sauka kan kwalta ya yi gogayya da babura da Keke Napep. WHO ta bayyana cewa haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudun motar ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa.

Na biyu shi ne rana. A watannin Maris da Afrilu zafi kan kusanci digiri 40 a wannan yanki, kuma kwalta da rufin kwano na ƙara masa ƙarfi. Hanyar da babu inuwa ba ta biyuwa da tsakar rana, balle ga tsoho ko mai juna biyu. Wani bincike da The Lancet ta wallafa a 2023 kan biranen Turai 93 ya ƙiyasta cewa da inuwar itatuwa ta rufe kashi 30 cikin 100 na kowane birni, da an kauce wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mace-macen da ƙarin zafin cikin birni ya haddasa. Idan haka abin yake a Turai mai sanyi, darbejiya da maɗaci da mangwaro a bakin titin Kontagora sun wuce kayan ado. Duk aikin faɗaɗa titi da ya sare itatuwa bai dasa wasu ba, ya ɗauki wani abu daga lafiyar jama'a.

Na uku shi ne lambatu da shara. Buɗaɗɗen lambatu da ya cushe yana cinye gefen hanya, yana haifar da wari da sauro, da damina kuma ya mayar da lungu tafki. Wannan shi ne ainihin abin da mutanen Maiduguri suka nuna a binciken 2012.

Waɗannan matsaloli ba su faɗa wa kowa daidai ba. Namiji mai ƙarfi zai iya tsallake lambatu ya kauce wa babur. Mace mai goyo, da makaho, da mai keken guragu, da dattijon da gwiwa ta fara ba shi matsala, su ne kan haƙura su zauna a gida. Iyaye kuma, idan suka ga hanyar makaranta ba ta da aminci, sai su ɗora yara uku ko huɗu a kan babur ɗaya, a musanya haɗari da wani haɗarin. Filayen da yara ke buga ƙwallo kuwa, su ne na farko da ake yankawa idan ƙasa ta yi tsada.

Abin da za a iya yi, da wanda zai yi

Ba a rasa doka ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, dokar tsara birane da yankuna ta 1992 kuma ta raba aikin tsarawa tsakanin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi. Jihar Neja na da hukumar raya birane, ta kuma samar da manufar birane ta jiha tare da tallafin UN-Habitat. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna na da sashen koyar da tsara birane. Gwamnatin jihar, tun daga 2023, ta sa gina tituna a manyan garuruwa a sahun gaba na ayyukanta. Wannan ne ya sa maganar ta zama ta yanzu, domin titin da aka zuba yau shi za a yi ta bi shekaru masu yawa, kuma ƙara masa gefen masu tafiya daga baya ya fi tsada nesa ba kusa ba. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane.

Matakan da binciken ke nunawa ba masu tsada ba ne idan aka kwatanta da kuɗin kwalta. A rubuta gefen masu tafiya a ƙasa, da rufaffen lambatu, da dashen itatuwa a cikin takardar kwangilar kowane titin cikin gari. A sa tudun rage gudu, da zanen tsallaka titi, da fitilu a gaban makarantu, kasuwanni, tashoshin mota da babban asibiti. Kada a amince da taswirar sabuwar unguwa sai an ga filin makaranta, da na kasuwa, da dandali, an kuma yi musu takarda da sunan jama'a don kada a wayi gari an sayar. A bar ƙananan hanyoyi masu ratsawa tsakanin fulotai maimakon doguwar katanga mara ƙofa. A ware wa 'yan tireda wuri na kusa maimakon korarsu, domin kasancewarsu na daga cikin abin da ke sa hanya ta zama mai rai da aminci.

Wasu birane sun gwada hanyoyi masu arha. Bogota ta ƙasar Kolombiya ta fara rufe wasu tituna ga motoci a ranakun Lahadi tun 1974, kuma yau tsawon titunan ya haura kilomita 100. Kigali ta Ruwanda ta fara irin wannan a 2016, inda ake haɗawa da gwajin hawan jini da na suga kyauta. Jihar Legas ta fitar da manufar kula da masu tafiya a ƙasa da masu keke a 2018.

Masarauta da masu unguwanni na da rawar da babu wanda zai taka musu, domin su suka san filin da aka gada na jama'a ne, kuma a gabansu ake yawan cinikin fili. Malaman jami'o'i da ɗalibansu kuma na da kayan aiki a hannu: takardar tambayoyin motsa jiki tana nan da Hausa, ma'aunin unguwa na Afirka ma yana nan. Ana iya ƙirga mahaɗa, da itatuwa, da tsawon gefen titi a unguwannin Kontagora, tsoho da sabo, a miƙa wa hukuma alƙaluman da za a riƙa auna ta da su shekara bayan shekara.

Garuruwan ƙasashe masu arziki na kashe maƙudan kuɗi a yau don dawo da abin da suka rushe lokacin da suka miƙa titunansu ga mota. Kontagora, da Bida, da Zuru, da sauran garuruwa masu matsakaicin girma ba su kai wannan matsayi ba. Yawancin mutanensu na tafiya a ƙasa har yanzu, kuma unguwannin da za su ɗauki 'ya'yansu ba a gama yanka su ba. Shawarar da za a yanke a ofishin filaye da wurin ba da kwangila a 'yan shekarun nan ita za ta nuna yawan mutanen da za su yi layi a sashen masu hawan jini na asibiti nan da shekara ashirin.